Wa Ke Fasa Gilashin Auta?

SHAFI NA 17

Masu zagin mijin Auta a ƙarƙashin shafin jiya, duk na gani, na dai yi shiru. Masu cika min akwatin saƙo tun da safe kuma, ga shi nan, ku sarara min haka.

*

Likitar ta kashe fitilar injin, ta ja kujerarta baya.

"Ɗaga haɓarki. Mun gama awon."

Auta ta lalubo gilashin idonta a kan cinya ta maida. Ƙafarsa ɗaya a ɗaure take da baƙin zare, ɓangaren hagu kuma da tsaga a gefe. Sai da ta saka shi ɗakin ya dawo ɗaki. Ga likita, ga tebur, ga Yaya a kujerar bakin ƙofa yana danna waya.

Yaya shi ne babba a ɗakinsu, sai Anti, sai Ƙaramin Yaya, ita ce ƙarama. Jiya ya iso daga garin da yake aiki, takanas don wannan ganin likita. Shi ya nemo asibitin, shi ya ɗauki nauyin komai. Ya ce ya gaji da ganin ƙanwarsa a waya da gilashi kamar an tsinto a bola.

"To likita, ya ake ciki?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Idonta zai ɗauki aikin gyaran ganin. Fatar gaban idon tana da kauri daidai. Saura zaɓi."

Ta ɗauko wani ƙwallon roba mai siffar ido ta ajiye a gabansu.

"Kin ga wannan garai-garai ɗin da ya rufe baƙin ido? Shi hasken lesa zai sassaƙa, har hoto ya riƙa sauka inda ya kamata. Hanyar isa gare shi ce ta bambanta."

Auta ta gyaɗa kai. Bacci take ji, irin wanda ke zama a bayan ido ya ƙi tafiya.

"Ta farko, mu yanka siririn murfi a sama, mu ɗaga shi, mu yi aikin a ƙarƙashi, mu maida shi ya kwanta. Zafi kaɗan ne. Yawanci washegari mutum ya fara gani sarai."

"Madalla," in ji Yaya.

"Ta biyu babu murfi. Saman za mu goge, mu yi aikin, mu bar fatar ta sake tsirowa da kanta. Wannan ba zan ɓoye miki ba, akwai raɗaɗi. Kwanakin farko ido zai yi ta ruwa, haske zai zame miki abokin gaba. Sai kwanciya a ɗaki mai duhu. Ganin ma a hankali yake washewa, sai an haɗa da makonni."

"Wa zai zaɓi wannan?" Yaya ya yi dariya.

"Akwai ta uku, ta ƙaramar ƙofa a gefe. Amma ba mu da injinta a nan, inda suke da shi kuma layin da tsawo."

"A bar maganar layi. Ta farkon za a yi. Ko Auta?"

Likitar ba ta kalle shi ba. Auta take kallo.

"Akwai tambayar da nake wa kowa kafin ya zaɓa. Shi murfin nan yana kwanciya, amma ba ya komawa da ƙarfinsa na asali. Bugu mai ƙarfi a ido zai iya gusar da shi, ko bayan an daɗe. Shi ya sa masu wasan naushi da masu aikin da ake kai musu hannu a fuska, ta biyun nake ba su shawara. Akwai abin da ke samun fuskarki? Wasa, ko wurin aiki?"

Yaya ya sake tuntsirewa.

"Malamar firamare ce fa, likita. Sai dai in alli ne ke dukanta."

Auta ba ta yi dariya ba.

Ta kalli ƙwallon robar. Ta kalli hannuwanta da sabulu ya cinye.

"Ta biyun nake so."

Yaya ya ajiye wayarsa.

"Me kika ce?"

"Ta biyun, Yaya."

"Ba ki ji abin da ta ce ba ne? Raɗaɗi. Makonni. Wa zai kula da Baba kina kwance a duhu? Ke da nake so a gama yau, jibi kin miƙe?"

"Na ji."

"To mene ne na wahalar da kai? Ga hanya shimfiɗaɗɗiya, sai ki ce ta cikin ƙaya za ki bi?"

Likitar ta ajiye alƙalaminta.

"Yallaɓai, ka ɗan ba mu wuri. Zan ɗiga mata magani in duba bayan idon."

Ya tsaya kamar zai yi musu. Ya kalli likitar, ya kalli ƙanwarsa, ya kalli gilashin da ke ɗaure da zare. Wani abu ya sauya a fuskarsa. Ya fita, bai rufe ƙofar da kyau ba. Likitar ta tashi ta rufe.

Ta cire wa Auta gilashin da kanta, ta ɗiga maganin. Sanyi, sannan yaji-yaji.

"Tabon nan na ƙarƙashin girarki bai daɗe ba."

"Eh."

"Ƙarfen gilashi ne ya yanke ki. Na san irinsa."

Auta ta kai hannu kan tabon.

"Ba zan matsa miki ba. Abu ɗaya zan tambaya. Kina cikin haɗari a gida?"

"Ba irin wanda kike zato ba, likita."

"Amma akwai hannu."

"Akwai."

Likitar ta miƙa mata auduga.

"To ki ji ni da kyau. Ko wacce kika zaɓa, idon da aka yi wa aiki ba ya son ko yatsa kafin ya warke. In za ki koma inda hannun yake, ba zan taɓa idonki ba, ko ta farko ko ta biyu. Sai kin samu inda za ki kwanta, da wanda zai tsaya miki. Ki je ki yi shawara. Ni ina nan."

*

Rana ta watsa mata wuta a fuska suna fitowa. Maganin ya buɗe idon, komai ya zama fari fat. Ta kare da gefen mayafi, ta bi inuwar Yaya har mota.

Ya tayar da injin, ya kunna sanyi. Bai ja motar ba.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kar ki maida ni yaro, Auta. Tun yaushe direban nan yake sa miki hannu?"

Haka yake kiran mijinta tun ranar farko. Direban nan. Mutumin yana jan babbar mota ne, ya yi kwanaki a hanya ya dawo.

"Yaya, mu tafi gida."

"Gilashi nawa kika sake a shekarar nan? Kika ce ya faɗi a banɗaki. Kika ce kin zauna a kai. Kika ce ɗalibi ne ya buge ki da ƙwallo. Ni kuma saboda sakarci na yarda!"

"Ba shi ba ne."

"Haka kuke cewa dukanku."

"Na ce maka ba shi ba ne."

"Dama tun farko ban yarda da shi ba. Shiru-shirun nan nasa, kai a ƙasa kamar na Allah. Ashe mugu ne. A gaban Baba! Mun kawo mahaifinmu gidansa amana, shi kuma yana..."

Ya zaro waya ya danna lambar mijin. Ta ji ƙarar kiran ta cika motar.

Ta kai hannu ta fizge wayar, ta danna ta kashe. Ba ta taɓa yi wa Yaya haka ba tunda aka haife ta.

"Ke! Kina da hankali?"

"Baba ne."

"Me ya samu Baba?"

"Baba ne ke fasa gilashin."

Yaya ya zuba mata ido.

"Sake faɗa."

"Ka ji ni."

"Auta, ki ji tsoron Allah. Don ki rufa wa miji asiri sai ki ɗora wa tsoho? Baban da bai taɓa ɗaga mana hannu ba? Ni da na ƙona masa shagon katako da ashana ina yaro, ko tsawa bai min ba!"

"Na sani. Shi ya sa na kasa faɗa."

Ta jingina kai da kujera, ta rufe ido. Maganar da ta daɗe tana haɗiyewa ta fito ba kuka, ba ɗaga murya, kamar tana karanta darasi ga aji.

"Ba ya sanin ni ce. In abin ya motsa, wata mata yake gani ta shigo masa ɗaki. Ɓarauniya, ko mai son ba shi guba. In na zo canza masa kaya, sai ya kai hannu. Ka san hannun Baba. Hannun kafinta ne, Yaya. Ƙwaƙwalwar ce ta tafi, ƙarfin yana nan."

"Mantuwa ce kawai yake yi. Tsufa ne."

"Haka Anti ta ce."

"Kin gaya wa Anti?"

"Na taɓa rubutawa a zaurenmu na 'yan uwa a waya, na ce jikin Baba ya fara fin ƙarfina. Anti ta ce in yi haƙuri, lada nake kwasa. Kai kuma ka turo hoton hannu biyu a sama. Ƙaramin Yaya bai ma buɗe ba."

Ya kau da kai.

"Daga nan na rufe bakina."

"Amma ina magana da shi duk ƙarshen mako! Lafiya lau. Har tsokanata yake, yana tambayar yara."

"Da safe kake kira. Da safe Baba yana nan. Yamma ce ke tafiya da shi."

"Mijinki fa? Yana ina ake wannan?"

"In yana gari shi ke masa wanka. Shi ke ɗaga shi, shi ke aske masa gemu. Shi ma ya sha nasa, haƙorinsa na gaba har yau yana girgiɗi. Ya ce in gaya muku, na hana shi. Ya ce to shi zai ci gaba da ɗaukar zagin, ba komai."

Yaya ya sa hannu biyu a kan sitiyari.

"Me ya sa kika hana shi?"

"Don in na faɗa, Baban da kuke da shi ya ƙare. Ni nawa ya riga ya tafi. Na ce bari ku ku ci gaba da riƙe naku."

Wani mai gadi ya zo ya ƙwanƙwasa gilashin motar, yana nuna wata mota da ke son wurin. Yaya ya ɗaga masa hannu. Mutumin ya koma.

"Ka san abin da ya sa na yarda da aikin nan?" ta ce. "Ba kwalliya ba ce. Ran nan ya make ni, gilashin ya yi tsalle. Ka san ni, in babu shi ko hannuna ba na rarrabewa. Ina rarrafe a ƙasa ina lalube, shi kuma ya wuce ni ya shiga kicin. Ina jin ƙarar ashana, ina jin warin gas. Ban ga komai ba, Yaya. Da hanci na bi shi."

"Innalillahi."

"Na gwada gilashin nan na mannawa a cikin ido. Hannuna kullum cikin wanki da sabulu, idon ya kumbura, na daina. Ido nake so wanda ba ya faɗuwa ƙasa."

"To ai shi ya sa na ce ta farkon. Ki warke da wuri."

"In warke da wuri in koma, ya sake kai hannu, murfin ya goce? Ka ji ta da kunnenka."

"Ta biyun kuma wa zai riƙe shi?"

"Ita ce tambayar."

Ya juyo.

"Ban gane ba."

"Ka gane. Likita ta ce ko wacce na zaɓa ba za ta taɓa ni ba sai an samu mai tsaya min. Ta farko, za ku ce Auta ta daure kwana biyu maƙwabciya ta riƙe. Ta biyu ba ta dauruwa. Dole ɗayanku ya zo ya zauna. Ko ya ɗauke shi."

"Auta, kin san aikina. Kin san gidana bene ne. Matata kuma..."

"Na sani. Anti ma mijinta ba ya son hayaniya. Ƙaramin Yaya ɗaki ɗaya gare shi. Duk na haddace. Ni ma ina da aiki da, yanzu rabin yini nake yi, shugaban makaranta ya fara min kallon wadda za a sallama."

Ta goge ruwan da maganin ke fitarwa.

"In gaya maka gaskiya? Da ta ce kwanciya a ɗaki mai duhu, ba motsi, ba wanda zai kira ni, wallahi daɗi na ji. Raɗaɗin ma ban ji shi ba. Duhun na ji. Na ce ashe akwai hanyar da mutum zai kwanta a bar shi."



Yaya ya sa wa motar giya.

"Mu je in gan shi da idona."

*

Suka iso gida.

Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyar da ta bar wa Baba, tana zaune a falo da mayafinta a kafaɗa, alamar tun ɗazu take son tafiya.

"Sannunku da dawowa. Ya ci abinci, ya sha maganinsa. Ya ɗan nemi fita, sai na yi yadda kika ce."

Ta gaida Yaya a gurguje ta fice.

Yaya ya tsaya a bakin lungun da ke kaiwa ɗakin Baba. Jiya da ya iso a masauki ya kwana, da safe kuma a waje ya ɗauke ta. Rabonsa da cikin gidan nan tun rasuwar Mama.

Ya ga kicin da kwaɗo. Ya ga madubin bango an juya fuskarsa. Ya ga ledar katifa a shanye a kan igiya.

Sannan ya ga ƙofar.

"Wannan mene ne?"

"Sakata."

"Na ga sakata ce. Me take yi ta waje?"

"In ba a sa ba fita yake. An taɓa tsinto shi a bakin babban titi ba takalmi, wai zai je buɗe shago."

"Mahaifinmu kike kullewa kamar akuya?"

"Yaya..."

Ya zare sakatar da ƙarfi, ya tura ƙofar.

Auta ta tsaya a bayansa. Rana ta fara karkata. Ta shirya jin ihu. A karon farko ma so take ya yi ihun, ya jefo kofi, ya kira ta ɓarauniya a gaban shaida.

Baba yana zaune a bakin gado, farar rigarsa tsaf, hularsa a kai, hannuwansa a kan gwiwa. Ya ɗago a hankali.

Fuskarsa ta washe.

"A'a! Babban mutum! Kai ne a gari?"

"Ni ne, Baba."

 Yaya ya durƙusa a gabansa.

"Ya hanya? Ya maiɗakin naka? Ƙaramar nan mai surutu ta shiga makaranta kuwa?"

"Ta shiga, Baba. Duk suna gaishe ka."

"Madalla. Ka rame fa. Aiki ya yi yawa ko? Ka riƙa cin abinci, ba a gina gida da ruɓaɓɓen katako."

Yaya ya yi dariya, hawaye na zuba. Ya waiwayo ya kalli Auta. Ta ji abin da kallon ya ce.

"Baba," ta ce a hankali, "ga Yaya ya zo duba ka."

Baba ya kalle ta. Murmushin ya ɗauke.

Ya matso kusa da ɗansa, ya kamo hannunsa, ya rage murya irin ta mai gudun kar a ji.

"Gara da ka zo. Na daɗe ina addu'a Allah Ya kawo ɗayanku."

"Lafiya, Baba?"

"Ina fa lafiya."

Ya naɗe hannun rigarsa. A wuyan hannun akwai shatin yatsu, baƙi-baƙi, zagaye da ƙashin. Auta ta san shatin. Nan take riƙewa da iya ƙarfinta in ya ɗaga hannu, har sai abin ya lafa.

Ya naɗe ɗayan. Shi ma haka.

"Ka gani? Kullum. Ta rufe ni, ta murɗe ni, in na yi magana ta ce wa mutane ba ni da hankali. Kai ka ga alamar mara hankali a nan?"

"Baba, ba haka..." Auta ta fara.

"Ka fitar da ni daga hannunta, ɗana. Kashe ni za ta yi."

Yaya ya daɗe yana kallon hannuwan.

Ya miƙe tsaye. Ya juyo, ya tare ƙofar da jikinsa, Baba a bayansa.

"Auta."

"Yaya, ka tsaya ka ji..."

"Kawo hannunki nan. Ɗora yatsunki a kan shatin nan in gani."